Shekara 27 ta zo, abin da nake roƙo bai zo ba: yaya ake dogara ga Allah a haka?

Autar Gida: Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya kuma ina so a amsa min tsakani da Allah, ba amsar da muka saba ba juna a ƙofar coci ba. Wata mai zuwa zan cika shekara 27. Na gama karatu, digirin yana hannu amma aiki babu, har yanzu ina gidan iyayena, maganar aure kuma ko alamarta babu. Waɗanda muka yi makarantar Lahadi tare da su wannan ta yi aure, wancan ya samu aiki ya kama haya, wata ma ɗanta na biyu take goyo, ni kuma in na buɗe Facebook sai na ji kamar an tara duniya ana tafiya an manta da ni a tasha. Ina addu'a, ina azumi, ban bar sujada ba. To wai mene ne ainihin dogara ga Allah a irin wannan lokacin? In zauna in jira ne? Ko akwai abin da ban gane ba?

Ɗan Zumunta: Ƙanwata kar ki karaya ko kaɗan, lokacinki na nan tafe! Ki tuna Yusufu, yana shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 ke nan tsakanin bauta da kurkuku. Dauda ma yana 30 ya hau sarauta. Ubangijinmu Yesu kansa yana wajen shekara 30 ya fara hidima, Luka 3:23. Ke ko 30 ɗin ba ki kai ba. Ki riƙe Irmiya 29:11, Allah ya san shirin da yake miki, shirin alheri ne ba na masifa ba. Kwanan nan za mu ji shaidarki cikin sunan Yesu.

Mai Ganga: Amin amin! Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Autar Gida: Na gode Yaya, amin. Amma gaskiya wannan ayar an turo min ita ya fi a ƙirga, ina son ta kuma, sai dai duk shekara ana ce min kwanan nan, kwanan nan, shekarar ta ƙare wata ta shigo. Shi ya sa na ce a amsa min da gaske.

Malamin Lahadi: Ɗan Zumunta ka yi niyya mai kyau, amma bari mu buɗe Irmiya 29 ɗin daga farko mu gani, don ni a ganina abin da ke cikin surar ya fi abin da muke ciro mata daɗi da nauyi. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya riga ya tsaya cikin Haikali ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo daidai, mutane kuwa abin da suke son ji ke nan. Allah ya ce ba shi ya aiko shi ba. A aya ta 10 ta sura 29, ayar da ke gab da wadda muke haddacewa, adadin da aka ba su shekara 70 ne. Ku yi lissafi, wanda aka kai Babila yana ɗan shekara 27 zai kai 97 kafin wa'adin ya cika, wato yawancin waɗanda suka fara jin wannan alkawarin a can aka binne su.

To me Allah ya ce su yi kafin nan? Aya ta 5 zuwa 7: su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su su yi masa addu'a. Wato kar su zauna da kaya a ɗaure suna jiran ranar tafiya. Ƙanwata abin da nake so ki ɗauka ke nan. Rayuwarki ba ta tsaya tana jiran takardar ɗaukar aiki ko ranar ɗaurin aure kafin ta fara ba, wannan shekarar da kike ciki ma Allah yana ƙirga ta, yana kuma da aikin da ya ba ki a cikinta.

Ɗan Zumunta: Malam da girmamawa, amma wannan ba kashe mata gwiwa ba ne? Yarinya ta zo tana neman ƙarfafawa ka ce mata shekara 70. Ai Allahnmu mai yin abin al'ajabi ne, dare ɗaya ya fitar da Yusufu daga kurkuku zuwa fada.

Malamin Lahadi: Yana yi, ban musa ba, kuma ina roƙo ya yi mata. Abin da ba zan yi ba shi ne in sa mata rana da bakina alhali Allah bai sa ba, don abin da Hananiya ya yi ke nan. Kuma ka duba Farawa 39 da kyau, maganar nan cewa Ubangiji yana tare da Yusufu an nanata ta ne lokacin da yake bawa a gidan Fotifar da lokacin da yake kurkuku. Ba sai da ya hau kujera Allah ya zo ba. Ko bayan ya fassara wa mai shayarwar sarki mafarki mutumin ya manta da shi, aka ƙara shekara 2 cur. Sannan bayan ya samu mulkin ma sai da shekaru 7 na ƙoshi suka wuce aka shiga ta biyu ta yunwa kafin ya sake ganin mahaifinsa, wajen shekara 22 rabonsu da juna.

Ɗalibar Tauhidi: Ina goyon bayan Malam, kuma zan ƙara da abin da ya daɗe yana damuna. Kullum misalan da muke kawowa na waɗanda labarinsu ya ƙare a fada ne. Amma ku karanta Ayyukan Manzanni sura 12, sura ɗaya ce fa: Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, ikilisiya ta yi addu'a mala'ika ya fito da Bitrus. Manzanni biyu, Ubangiji ɗaya, ɗaya ya fita ɗaya bai fita ba. Wa zai ce Yakubu bangaskiyarsa ce ta gaza? Yahaya Mai Baftisma da ɗan watanni ya girmi Yesu, yana cikin shekarunsa na talatin da 'yan kai aka fille masa kai a kurkuku, kafin nan ma ya aika almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a sa ido ga wani, Matiyu 11. Yesu bai tsawata masa ba, a wurin ma ya yabe shi a gaban taro. Ibraniyawa 11 da muke kira surar bangaskiya, ku sauka ƙasa daga aya 35 ku ga waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aya 39 ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida amma ba su karɓi abin da aka alkawarta ba.

Ba ina cewa haka zai faru da Autar Gida ba, Allah ya ba ta aiki da miji na gari. Ina cewa in dogararmu ta rataya ne a kan cewa dole labarina ya ƙare kamar na Yusufu kafin in cika 30, ranar da 30 ta wuce bangaskiyar za ta bi ta.

Shiru-shiru: Ban cika magana a guruf ɗin nan ba amma wannan ta taɓa ni. Abin da 'yar'uwa ta faɗa yanzu shi ya kusa raba ni da coci. Ina da shekara 31. Wani mai wa'azi ya taɓa kirana gaban jama'a ya ɗora min hannu ya ce kafin shekarar ta ƙare zan riƙe takardar aiki a hannuna, kowa ya yi tafi, mahaifiyata har da hawaye. Shekarar ta ƙare babu komai. Da na koma wurinsa sai ya ce in bincika kaina, wataƙila akwai zunubin da na ɓoye ko kuma ban ba da gaskiya sosai ba. Na dawo gida da kaya biyu, ga rashin aiki ga tunanin Allah yana fushi da ni. Na daɗe ko Littafi Mai Tsarki ba na iya buɗewa.

Anti Mai Jinya: Sannu ɗana, sannu. Wannan mutumin bai kyauta maka ba. Abokan Ayuba ma haka suka yi ta ce masa lalle akwai abin da ya yi, a ƙarshe Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, Ayuba 42:7. Me ya dawo da kai?

Shiru-shiru: Zabura 88 ce Anti. Wani abokina ya ce in karanta. Tun daga farko har ƙarshe kuka ne, ba ta juya ta zama yabo a ƙarshe kamar sauran ba, da maganar duhu ma ta rufe. Na ce ashe akwai irin wannan addu'ar a cikin Littafi kuma Allah bai sa an cire ta ba. Daga nan na fara gaya masa abin da ke raina yadda yake, ba tare da na yi masa kwalliya ba. Zabura 13 ma sau huɗu Dauda ya ce har yaushe a ayoyi biyu na farko. Yanzu ina gyaran waya, ba abin da na karanta ba ne, amma ina ci da kaina ina taimakon gida.

Mai Lissafi: To ni bari in shigo ta wani gefen, don ina tsoron kar mu yi ta tauhidi mu bar tambayar da ta yi. Ta ce in zauna in jira ne? Amsa a'a. Ni matsalata da matasanmu da yawa ita ce an mayar da "ina jiran Ubangiji" wurin fakewa. Mutum zai kwana a addu'ar dare amma takardar neman aikinsa tun ta ranar gama makaranta ce bai taɓa gyara ta ba, bai koyi wani abu sabo ba, bai je ya gaida kowa a fannin da yake nema ba, in an kira shi intabiyu bai ko bincika me kamfanin yake yi ba. Nehemiya da sarki ya tambaye shi me yake so, ya yi addu'a a zuciyarsa nan take, sannan ya buɗe baki ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnoni, ya nemi katako. Mutumin ya zo da shiri. Da abokan gaba suka taso, Nehemiya 4:9, suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Bulus manzo guda yana ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Ai Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ɗalibar Tauhidi: Yaya Mai Lissafi, wannan ta ƙarshen karin maganar mutane ce, babu ta a Littafi Mai Tsarki. Sauran na yarda.

Mai Lissafi: To a ajiye ta a ɗauki Karin Magana 21:5 da 2 Tasalonikawa 3:10, magana ɗaya ce.

Autar Gida: Yaya ina jin ka, amma dan Allah kar a ɗauka duk wanda bai samu ba malalaci ne. Ina tura takardu, na yi kwas na kwamfuta, ina koyar da yaran maƙwabta da yamma. Abin da ke ci min rai shi ne in ka yi duk abin da ya kamata kuma ƙofar ba ta buɗe ba, sannan wani ya zo ya ce ƙila ba ka ƙoƙari.

Mai Lissafi: Ba da ke nake ba ƙanwata, da masu naɗe hannu nake. In kina duk wannan to kina kan hanya, kuma koyar da yaran nan ki daina ce masa ba komai ba, aiki ne, ki rubuta shi cikin takardarki da yawan yaran da darussan da kike koya musu.

Anti Mai Jinya: Ku bar ni in yi magana kan aure tunda kowa yana kewaye shi. Shekarata 44, ban taɓa aure ba. Ina faɗa ne don ƙannena mata da ke karantawa ba sa magana. Na so aure, har yanzu in Allah ya kawo mutumin kirki ba zan ƙi ba, kuma akwai daren da abin yake min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi min ciwo ba rashin mijin ba ne, yadda 'yan'uwa a coci suke kallona ne kamar wadda har yanzu ba ta zama cikakkiyar mutum ba. Na yi shekaru ina jinyar marasa lafiya, na riƙe hannun mutane suna barin duniya ina musu addu'a, na biya wa 'ya'yan ƙanena makaranta, amma in an zo gaisawa tambaya ɗaya ce, "to yaushe za mu sha biki?"

Ku duba 1 Korantiyawa 7. Bulus ya kira aure baiwa, ya kira zama ba aure baiwa, har ya ce marar aure ya fi samun sarari ya kula da al'amuran Ubangiji. Irmiya da muke ta ambato Allah ne ya ce masa kar ya yi aure, sura 16. John Stott, mai wa'azin nan na Ingila, bai taɓa aure ba har ya rasu a 2011 yana da shekara 90, wa zai ce rayuwarsa ba ta cika ba? Ubangijinmu kansa bai yi aure ba, bai gina gida ba, ya ce Ɗan Mutum ba shi da inda zai sa kansa. In da ma'aunin da muke auna matasa da shi daidai ne, to shi ma bai ci jarrabawar ba, kun ga kuwa ma'aunin ne ke da matsala.

Abu ɗaya nake roƙonku 'yan mata, kar tsoron shekaru ya sa ku amsa wa wanda kun san ba ya tsoron Allah ko wanda ya fara ɗaga muku hannu tun kafin aure. A wurin aikina na ga abin da hakan ke jawowa, ba labari aka ba ni ba.

Mai Ganga: Kai Anti, Allah ya saka miki. Ban taɓa tunanin tambayar bikin nan tana yi wa mutane zafi haka ba.

Ɗan Zumunta: Anti na girmama maganarki sosai. Amma ni dai har yanzu ina ganin akwai haɗari a nan, kar mu koya wa matasa su daina sa rai. Yesu ya ce ku roƙa za a ba ku, ya ba da misalin gwauruwar nan da ta dami alƙali har ya biya mata bukata, Luka 18, don mu riƙa addu'a kar mu karaya. Hannatu ta roƙi ɗa takamaimai ta samu Sama'ila. In mun ce wa kowa "wataƙila ba za ka samu ba" wa zai ƙara durƙusawa?

Malamin Lahadi: Wannan tambaya ce mai kyau kuma ban ce a daina roƙo ba. A roƙa, a ambaci abin da suna, a nace. Amsar tana bakin samarin nan uku a Daniyel 3:17-18, su ma matasa ne a Babila. Sun ce wa sarki Allahnmu yana da iko ya cece mu, zai kuwa cece mu, amma ko bai yi ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Duka biyun suka riƙe a lokaci ɗaya. Kai kana riƙe da rabin farko, Ɗalibar Tauhidi tana jaddada rabi na biyu, ni kuma ina ganin wanda ya saki ɗaya daga ciki zai sha wahala. Kuma tunda ka kawo Hannatu, ka lura da 1 Sama'ila 1:18, bayan ta zuba wa Ubangiji zuciyarta ta tashi ta ci abinci fuskarta ta sake, alhali ba ta ɗauki ciki ba tukuna. Salamar ta riga amsar zuwa.

Sabon Ango: Ni kuma bari in faɗi nawa daga ɗaya ɓangaren, don Autar Gida ta san yadda abin yake bayan an kashe kyamara. Ina cikin waɗanda kike gani a Facebook. Aiki ya zo ina 25, aure ina 28, yanzu muna jiran haihuwa. Na gode wa Allah ƙwarai. Amma damuwar ba ta tafi ba, kaya kawai ta canza. Da ina tsoron kar in rasa aiki ne saboda kaina, yanzu akwai mace da jariri a hanya da iyaye biyu da suke kallona, ranar da aka ce za a rage ma'aikata a ofis ban runtsa ba. Matata kuma akwai lokacin da likita ya ce ta kwanta kar ta motsa, ina zaune a barandar asibiti da waya a hannu na rasa wa zan kira. Babu wanda ya sa wannan a sitatus. Darasin dogarar da kike koya yanzu shi nake koya, aji ɗaya muke. Kuma akwai haɗarin da ya fi kusa da ni fiye da ke, wanda Maimaitawar Shari'a 8 ta yi gargaɗi a kai, in ka ci ka ƙoshi ka gina gida sai zuciya ta ce ƙarfina ne ya samo min.

Autar Gida: Allah ya sauke ta lafiya Yaya. Gaskiya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Amma bari in faɗi wani abu mai nauyi, wani lokaci in ƙawata ta turo katin biki ina taya ta murna da baki amma cikina yana ƙuna. Ina son ta fa. Yaya ake da wannan?

Ɗalibar Tauhidi: Mutane za su ce miki Zabura 73, kuma tana da amfani, Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kishi. Sai dai shi mugaye yake gani suna cin gaba, ke kuwa ƙawayenki masu bi ne, shi ya sa nake ganin Yahaya 21 ta fi dacewa. Yesu ya gama nuna wa Bitrus irin mutuwar da zai yi, Bitrus ya waiga ya ga Yahaya yana biye ya ce Ubangiji wannan fa? Yesu ya ce masa ko da ina so ya zauna har in dawo ina ruwanka, kai dai ka bi ni. Bai yi masa bayanin dalilin da hanyoyinsu suka bambanta ba. Kuma Romawa 12:15 umarni biyu ne, a yi murna da masu murna a yi kuka da masu kuka. Ke ki je bikin ki yi mata hidima da zuciya ɗaya, amma ita ma hakkinta ne ta zauna ta ji naki kukan. Ki gaya mata yadda kike ji, in ƙawar gaske ce ba za ta ɗauka baƙin ciki kike mata ba.

Anti Mai Jinya: Ki kuma rage zama a waya da daddare 'yata. In kin san hotunan nan suna hana ki barci ba laifi ba ne ki ajiye su na ɗan lokaci.

Baba Dattijo: 'Ya'yana na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Zan ƙara abu biyu. Na farko wannan jadawalin da kuke auna kanku da shi, a gama karatu a shekara kaza, aiki a kaza, aure kafin kaza, ba daga Sina'i ya sauko ba. Ishaku yana 40 ya auri Rifkatu, suka yi shekara 20 ba haihuwa, yana 60 aka haifi Isuwa da Yakubu. Musa yana 80 ya tsaya gaban Fir'auna. A ɗaya gefen Yosiya yana 8 ya zama sarki, yana wajen 16 ya fara neman Allah. Ko masana na duniya sun lura zamani ya canza, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jeffrey Arnett, a shekara ta 2000 ya rubuta cewa tsakanin 18 da 25 ya zama wani mataki na kansa a ƙasashe da yawa, saboda karatu ya yi tsawo, aure da zaunannen aiki sun ja baya. Da ya tambayi matasa me ke sa mutum ya zama babba, abin da suka fi ambata ɗaukar alhakin kanka ne, da yanke shawara da kanka, da tsayawa da ƙafarka wajen kuɗi, aure yana can ƙasa. Bulus kuma da ya rubuta wa Timoti kar kowa ya rena ƙuruciyarsa, abubuwan da ya lissafa magana ne da hali da ƙauna da bangaskiya da tsarki. Duk waɗannan kina iya girma a cikinsu yau a ɗakin da kike.

Na biyu kuma mu manya laifinmu yana da yawa a nan. Mu ne muke tsayar da ku bayan sujada da tambayoyi, mu ne kuma muke ba da lokacin shaida ga wanda ya samu mota ko biza kaɗai. Yaron da ya ƙi karɓar aikin da sai ya yi ƙarya zai samu, ya koma gida hannu wofi, ba mu taɓa miƙa masa makirfo ba, alhali shaidarsa ta fi ƙarfi.

Shiru-shiru: Baba wannan ta biyun ita ce. Duk Lahadin da aka yi shaidar aiki sai in sunkuyar da kai, ba don ina baƙin ciki ba, sai don ji nake kamar ni Allah bai yi min komai ba da zan iya faɗa.

Ɗan Zumunta: Amma Baba ba za a hana wanda Allah ya yi wa abu ya faɗa ba ai. Kuturun nan ɗaya cikin goma da ya dawo ya yi godiya shi Yesu ya yaba.

Baba Dattijo: Ba hanawa na ce ba ɗana, ƙarawa na ce. Wanda ya samu ya faɗa mu yi murna, wanda yake jira kuma Allah ya riƙe shi shi ma ya faɗa. Zan kai maganar zaman dattawa, ku kuma ku kai ta zumuntar matasa, ku ne kuke tsara shirinku.

Mai Lissafi: Autar Gida da Shiru-shiru, ku turo min takardunku na neman aiki ta akwatin sirri in duba muku kafin ƙarshen mako, duk wanda yake so ma ya turo. Shiru-shiru kai kuma ina so mu yi magana kan yadda kake rubuta kuɗin shiga da na fita a gyaran wayar nan, don in akwai rubutu a tsare ya fi sauƙi a san ko lokacin ɗaukar yaro ya yi.

Shiru-shiru: Zan turo yau da dare in Allah ya yarda. Littafin lissafin ma ina da shi, sai dai bashin da mutane ke ci ne ban san yadda zan shigar da shi ba.

Mai Lissafi: Ka ware masa shafi daban, suna da rana da adadi, kar ka haɗa shi da kuɗin da ya shigo hannu. Ɗauko hoton shafin wata ɗaya ka turo min mu fara daga nan.